Haƙƙin Yaro Makaho Da Kurma A Kan Neman Ilmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Kalfu da sauran ƙasar Adar, ku tuna cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman sani. Shi ne kuma ya zama ladani a Madina.

To, mu ina muka ajiye namu makafin da kuramen? Ashe bara a kasuwar Tawa ita ce rabonsu?

Makarantar makafi ta Soli Abdourahamane tana Yamai, tafiya ce mai nisa. Amma yau salula tana karanta wa makaho rubutu da murya, kurma kuma yana iya kallon darasi cikin maganar hannu ta intanet. Hanzarinmu ya ragu.

Saboda haka kowane masallaci ya ƙidaya irin waɗannan yara na unguwarsa, a tara sadaka a saya musu waya, a biya caji da kati, malami ya zauna da su. Amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu dace, amin.