Marubuci tsakanin gidan ɗab'i da aljihunsa

Duk wanda ya kammala rubuta littafi da Hausa, a Maraɗi yake ko a Damagaram, tambaya ɗaya ke jiran sa: ya miƙa aikinsa ga gidan ɗab'i ya yi ta jira, ko ya kwance lalitarsa ya buga da kansa? Galibi akan auna zancen da ma'aunin kuɗi da lokaci. A ganinmu akwai abin da ya fi waɗannan nauyi, wato amanar da ke tsakanin marubuci da mai karatu.

Tarihin adabinmu ya bi hanyoyin biyu. A shekarar 1933, Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littattafan sun bi ta hannun mai gyara, an tace su, an daidaita rubutunsu, har yau kuma ana karanta su. Sai dai ƙofar ƙunci gare ta: hukuma ke zaɓen abin da ya dace da ɗalibi, kuma mace ko guda ba ta cikin waɗanda aka buga wa.

Da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga nasu. Daga nan aka sami abin da ake kira adabin kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Littattafan irin waɗannan sun ƙetaro iyaka, sun shiga ɗakunan matan Maraɗi da Tawa, sun yi maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, sun kuma sa mutane da dama sun saba da karatun boko. Da marubutan sun tsaya jiran izini, da muryarsu ba ta fito ba.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Inda babu mai gyara, kurakuran rubutu sun yi yawa, labari kan tsinke a tsakiya, wasu kuma suka riƙa raba littafi kashi uku don riba kawai. Da ƙorafi ya yi yawa, sai hukuma ta shigo da nata hukunci: a 2007 an ƙona littattafan hikaya a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. Gurbin da mai gyara ya bari, mai hani ne ya cika shi.

A nan Nijar, tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idojin rubutun harsunan ƙasa, gidajen ɗab'i kamar Albasa da Gashingo kuma sun buga littattafai cikin su. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ya ƙara wa marubuci nauyi, domin littafinsa na iya faɗawa hannun yaron da bai taɓa ganin wani ba. Kuskuren da aka buga dubu ya zama darasi dubu.

Saboda haka babu laifi ga wanda ya buga da kansa, muddin ya san cewa aikin mai gyara bai faɗi ba, kansa ya dawo. Wajibi ne ya nemi wanda zai karanta masa ba tare da jin nauyinsa ba, malami ko ƙungiyar marubuta, ya kuma jure gyara, tunda laifi tudu ne. Wanda ya zaɓi gidan ɗab'i shi ma bai tsira ba: ya karanta yarjejeniya da kyau, ya yarda a gyara masa harshe, amma kada ya yarda a cire gaskiyar da ta sa shi ɗaukar alƙalami.

A nan ƙungiyoyin al'adu da malamai ke da rawar takawa. Kwamitin mutum uku masu sanin ƙa'ida a kowane gari, da ke duba rubutu kafin a kai shi maɗaba'a, zai ba marubuci ƴanci da gyara a lokaci guda. Mai karatu da ya fitar da jakarsa ya sayi littafi ya cancanci wannan ƙoƙari.