Farashin Haske

A shekarar 1975 Stanley Kubrick ya fitar da fim ɗin Barry Lyndon, wanda ya ɗauki wasu sassansa da hasken kyandir kawai, albarkacin gilashin kyamara na Zeiss mai buɗewar f/0.7, irin wanda aka ƙera wa NASA. Sai dai gilashin da aka wangale haka yana da sharaɗi: ido ya fito tangaran, kunne ya koma dishi-dishi. Shin mai ɗaukar hoton ya yi ƙarya? A ganina bai yi ba. Zaɓi ya yi, zaɓi kuwa amana ne. Wanda ya fito da fuska guda ya dusashe na bayanta. Adalcinsa shi ne ya san wa ya bari cikin hazo, kuma ya iya kare dalilinsa.