Muna Gadin Facebook, 'Ya'yanmu Sun Tashi

Ya ku jama'ar Jos, iyaye maza da iyaye mata, malaman boko da na Islamiyya, limamai da fastoci, don Allah ku ba ni aron hankalinku. Akwai abin da ke faruwa a ɗakunan 'ya'yanmu bayan an kashe fitila an shige bargo, mu kuwa muna gadin gidan da suka daɗe da tashi daga cikinsa.

A unguwarmu akwai wata yarinya 'yar shekara 15, mai kunya, ba ta wuce babba ba tare da ta rusuna ba. Wani ɗan ajinsu ya yi ta lallaɓa ta a Snapchat har ta tura masa hotonta ba ɗankwali, da kayan barci. Ya ce mata ai da zarar ya buɗe zai goge kansa. Haka manhajar take, har takan sanar da mai hoto idan an kwafe shi. Sai yaron ya ari wayar abokinsa ya ɗauki hoton fuskar tasa wayar. Kafin Juma'a ta zagayo, hoton ya shiga guruf ɗin 'yan aji, ya fito ya kai ga samarin da ke zama a bakin shagon caji. Yarinya ta daina zuwa makaranta, ta ce kanta ke ciwo, uwa ta yi ta sayo magani. Da zance ya fasu, abin da uban ya ce shi ne: "Wallahi ina bibiyarta a Facebook, ba ta sa komai sai gaisuwar Juma'a."

Ina bibiyarta a Facebook! Maganar nan ta hana ni sakat. Bawan Allah, don kai kaɗai ta buɗe wannan shafin. Ta san kana can, kawunta yana can, malamin Islamiyyarsu yana can, gwaggonta da ba ta ganin abu ta yi shiru tana can. Wane matashi ne zai saki jiki a zauren da iyayensa suke zaune? Sun bar mana Facebook sun koma Instagram da Snapchat da TikTok, inda ba mu iya shiga, in ma mun shiga ba mu gane hanya.

Kuma me muka mayar da Facebook ɗin da za su so zama tare da mu? Zagin siyasa, gardamar aƙida, ƙabilanci. Mu mutanen Filato mun fi kowa sanin aikin hoto. A watan Yunin 2018, bayan kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, aka tare hanya aka kashe matafiya, daga baya binciken BBC ya nuna cewa wasu hotunan ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. Manya ne suka yi ta turawa. Yaranmu suna kallonmu, suka koyi cewa hoto abin turawa ne ba tare da an tsaya tambaya ba. Yaron da ya tozarta 'yar mutane a gida ya ga darasin.

Ku tambayi kanku abin da hoto yake ba su. Rubutu yana tona asirin wanda bai iya Turanci ba, a yi masa dariya. Hoto ba ya neman nahawu. Yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta shida a Gangare ko Rikkos za ta ari gyale da takalmi, ta je Rayfield ko ta tsaya jikin duwatsun Shere, ta fito kamar 'yar gidan gwamna. Filta ya goge mata ƙuraje, ya siranta hanci, ya haska fata, ba ta ko sayi man bilicin ba. Sai alamar zuciya ta fara zubowa, mutum hamsin, mutum ɗari, kowa yana cewa ta yi kyau. To ku gaya mini tsakaninku da Allah, yaushe rabon da wani a gidan ya dube ta ya ce "Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari"? Daga "ɗauko" sai "ajiye" sai "ba ki da hankali". Yunwar yabo ce ta kai ta can, mu muka bar ta da ita. Har samarinmu suna tsayawa a gaɓar kududdufan kuza, ruwan da kowa ya san yana cin mutane, don kawai hoto ya yi kyau.

Masu waɗannan manhajoji sun riga mu sanin inda yara suka dosa. An ƙirƙiro Instagram a 2010, kamfanin Facebook ya saye shi a 2012 kan dala biliyan 1. Snapchat ya fito a 2011 da hoton da ke ɓacewa, Instagram ya kwaikwaye shi a 2016 da wanda ke gogewa bayan awa 24. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram yana sa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. A 2024 majalisar Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi. Su da suka fi mu kusa da abin sun tsorata. Mu kuwa uba zai je kasuwar Terminus ya sayo wa 'yar JSS babbar waya don kada a ce ya gaza, ya miƙa mata, ya juya baya, sannan ya ce yana bibiyarta a Facebook. Subhanallah!

Iyaye mata, ku yi haƙuri, da ku nake. Wa ya fara koya wa yarinya juya baya ga kyamara a gidan biki? Wa ke ɗora hoton amarya da ƙawayenta kafin a kai ta ɗakinta? Malamai, kun yi huɗuba a kan tsawon hijabi, madalla, amma yaranku nawa ne suka taɓa jin cewa tura hoton wani ba da izininsa ba cin amana ne, kuma za a tsaya a kansa gobe kiyama?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda unguwa ta raba laifin. Yarinya ce ta sha duka, ita aka ƙwace wa waya, ita ake nunawa da baki idan ta fito ɗibar ruwa. Iyayen yaron suka ce ƙuruciya ce. Yana nan yana zuwa makaranta da wayarsa a aljihu. Samarin shagon caji, waɗanda kowannensu yake da ƙanwa a gida, babu wanda ya goge hoton ya ce a ji tsoron Allah. Haba jama'a! Wanda ya yaudara, da wanda ya tura, da wanda ya kalla ya yi dariya, duk sun wanke hannu, an bar 'yar shekara 15 da kayan kunya ita kaɗai.

Ina roƙonku, ku zauna da yaranku su nuna muku manhajojin da suke ciki, waya ta kwana a ɗakin uwa, kuma ku gaya musu yau cewa duk hoton da ya bar hannunsu ya zama na wanda ya karɓa. Mai ɗa namiji ya fara da ɗansa.