Neman Cuta a Jikin Yaro Mai Lafiya: Rashin Dogara ne ko Riƙon Amana?

Yawancinmu mun ɗauka hawan jini ciwon manya ne. Alhali kuwa yana kama yara da matasa, kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama. Yaro yana wasa, yana cin abinci, ciwon yana yi wa zuciyarsa da ƙodarsa aiki a ɓoye. To, daidai ne mu je neman cuta a jikin yaron da bai yi kukan komai ba?

Masana kansu ba su yi baki ɗaya ba. A shekarar 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a riƙa auna kowane yaro sau ɗaya a shekara, tun daga shekara 3. A 2020 kuwa wani kwamitin masana rigakafi na ƙasar ya ce hujjojin da ke hannu ba su isa a san ko amfanin awon ya fi illarsa ba. Illar kuwa gaskiya ce: tsoron asibiti yakan ɗaga jinin yaro, haka ma ɗamarar na'ura idan ta yi wa damtsensa kaɗan. Sai a laƙaba masa ciwon da ba shi da shi, iyaye su shiga fargaba da kashe kuɗi.

Duk da haka, a ganina awon ya fi kusa da riƙon amana. Babba yana iya ƙin sanin halin jikinsa, ya ɗauki nauyin zaɓinsa. Yaro ba shi da wannan iko. Shirun iyayensa shi ne hukuncinsa. Wanda ya ce dogara ga Allah ta hana shi bincike, ya tuna manomi ma ya dogara, amma yana duba gonarsa.

Sai dai amana tana tafiya da natsuwa. Awo ɗaya ba hukunci ba ne. Sai an sami jinin a sama a ziyara 3 dabam-dabam. Ga mai shekara 13 zuwa sama, ma'aunin shi ne 130 bisa 80. A ƙaramin yaro likita yakan binciki ƙoda. Magani kuma yakan fara daga gida: rage gishiri da dunƙulen miya, motsa jiki, da rage ƙiba, kafin a kai ga ƙwaya.

Saboda haka, idan kun kai ɗanku asibiti, ku roƙi a auna shi. Aikin minti kaɗan ne. Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya damƙa mana.