Rufin Asirin Maigida, Ko Ran Majiyyaci?

Idan maƙeri a Bagwai ya ƙera garma, ta karye a gona, ran kasuwa mai zuwa mai garma zai tsaya a bakin maƙera su haɗa ido. Haka kuma a asibitin ƙashi na Dala cikin Kano, wanda aka kafa a 1959, mai yin ƙafar roba da hannunsa ya ke auna dungun mutum. Amma akwai manyan kamfanoni masu ƙera kayan asibiti, inda ma'aikata dubbai ba su taɓa ganin wanda zai yi amfani da aikinsu ba. Fuskar da su ke gani kullum ta manaja ce. To, 'yan'uwa, in ma'aikaci irin wannan ya ga aibi a kaya, amanar wa ke wuyansa?

Ga abin da ya faru a Amurka. Kamfanin Philips na ƙasar Holan yana da ma'aikata kusa da birnin Pittsburgh, inda aka ƙera injuna masu taimakon numfashi. An sa wani irin soso a cikinsu domin ya rage ƙara. Ashe zafi da laima suna sa soson ya marmashe, majiyyaci ya shaƙa. Tun 2010 mutane suka fara kawo kuka, amma sai a watan Yuni na 2021 aka ba da sanarwar janye kayan, wajen injuna miliyan 15 a duniya duka. A 2023 'yan jarida suka nuna cewa koke-koke fiye da 3,700 sun kwanta a kamfanin, ba a kai su ga hukuma a kan lokaci ba. Kamfanin ya ce ya duba su ɗaya ɗaya. A 2024 ya yarda zai biya dala biliyan 1.1, ko da shi ke bai amsa laifi ba.

Shekara goma sha ɗaya! Takardun nan fa ba su da ƙafa. Hannun mutane ne ya karɓe su, ya ajiye.

Kada mu yi saurin zagin ma'aikatan, gama mun san irin wannan shiru. An hore mu tun muna yara cewa yaron kirki ba ya tona asirin maigidansa, kuma horo ne mai kyau. Samarinmu da ke aiki a Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun san wanda ya cika faɗin aibin kaya shi a ke fara sallama, ga mata, ga kuɗin makaranta. Inda shugaba ya ke haɗe rai da mai kawo mugun labari, ba sai ya ce a yi shiru ba. Kowa zai koya da kansa. Saboda haka a ganinmu babban alhaki na shugabanni ne.

Duk da haka ba mu wanke ma'aikaci sarai ba. Rufin asiri domin kunyar mutum ne, watau bashinsa ko rigimar gidansa. Wanda ya ga rijiya a kan hanya ya shimfiɗa mata tabarma, ba asiri ya rufa ba. Kuɗin albashin ma daga aljihun majiyyaci ya fito, manaja miƙawa kawai ya yi.

Ba mu ce a ruga waje da ihu ba. A fara gaya wa na gaba cikin ladabi, a rubuce, da kwanan wata, a sami abokin aiki ya shaida. In an yi haka sau biyu ba a ji ba, sai hukuma. A Nijeriya NAFDAC ce ke duba kayan asibiti. In kuwa an kore shi domin wannan, mu da muka ce ya yi magana sai mu auna wa gidansa dawa daga rumbunanmu har ya sami wani aiki.