Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Na san ba ku manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da Arewa ta kwashe kwanaki babu wuta. Mu nan Barnawa, naman da ke firij ya lalace, masu zoɓo da kunun aya suka tafka asara. Ni kam babu irin mitar da ban yi ba.

Ana cikin haka na je sayen doya wurin wata dattijuwa 'yar Gbagyi, mutuniyar wani ƙauye da ke yankin Shiroro. Ina ta ƙorafi, sai ta yi dariya ta ce, "'Yata, kwana nawa kuka yi? Mu wayoyin ta saman gonarmu suke wucewa, amma jikokina duk da tocila aka karɓi haihuwarsu."

Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Kin ga wannan kogin Kaduna da muke tsallakawa kullum in za mu shiga gari? Shi ne yake gangarawa jihar Neja, aka tare shi a Shiroro, aka buɗe madatsar a 1990 mai ƙarfin megawat 600. Ruwan ya juya injuna, wutar ta biyo waya ta dawo mana ta Mando. Kafin nan an yi ta Kainji a 1968, inda ruwa ya shanye tsohon garin Bussa, aka tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu.

To a nan tambayata take: jin daɗin da aka gina a kan asarar wani, yaya sunansa? Wata za ta ce, "Ai ina biyan kuɗin wuta, ba ni da laifi." Gaskiya ne, ba ke kika tashe su ba. Sai dai kuɗinki na wutar da kika sha ne, bai biya gonar da ruwa ya ci ba, bai biya hannun matar da ke daka a turmi ba alhali ke kina kunna injin markaɗe. Kogi ɗaya ya haɗa mu da su, sun zama maƙwabtanmu, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko ba ki san fuskarsa ba.

Ban ce a rushe madatsa ba, ƙasa na buƙatar haske. Cewa na yi wanda ya ba da gonarsa shi ya kamata ya fara ganin ƙwan lantarki. Mu mata muna da baki, muna da ƙuri'a. In masu neman zaɓe sun zo da atamfa da sabulu, mu tambaye su zancen wutar ƙauyukan nan. Kuma mu daina barin ƙwai a kunne da rana tsaka.

Allah Ya haskaka gidajensu kamar yadda Ya haskaka namu, amin.