Gaisuwa da Harshen Wani a Ma'aunin Shari'a da Hankali

Unguwar Sabo ta Yaba, kamar 'yar'uwarta Agege, tana daga cikin wuraren da Hausawa suka daɗe da zama a Ikko, musamman tun bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataucin goro da na shanu ya koma bin jirgin ƙasa. Kuma duk wanda ya zauna a irin wannan zango ya san cewa azahar ba ta yi masa sai ya yi gaisuwa da harsuna biyu ko uku. Da safe ya ce wa maƙwabcinsa Bayarabe "e kaaro", idan ya tarar da shi yana aiki ya ce masa "e ku ishe", wadda ita ce sannu da aiki tamu. Idan kuwa Allah ya sanya abincinsa a wurin gini, ko a matsayin magini ko lebura ko maigadi, mai yiwuwa ne ya yi hulɗa da mutanen Italiya, waɗanda suka shahara da kwangila a wannan gari tun kafuwar kamfanin Cappa and D'Alberto a 1932, har sana'ar ta kai 'yan ƙasarsu ga gina madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968.

Kalmomin gaisuwarsu ba su da wuya a bakin Bahaushe, domin wasulansu na kusa da namu. Ta safe, wadda suke rubutawa buongiorno, ana furta ta kamar "bwonjorno". Ta yamma, buonasera, kamar "bwonasera". Godiya kuwa, grazie, kamar "giratsiye". Akwai kuma ciao, wadda ake furtawa "cawo", ana yin ta a haɗuwa da rabuwa, amma galibi tsakanin abokai da tsararraki. Mas'alar da ke gaban mai neman sani ita ce: shin Musulmi ya rage wani abu daga addininsa idan ya gai da wanda ba Musulmi ba da irin waɗannan kalmomi?

Wajibi ne a fara da bambanta sallama da gaisuwa, domin cuɗanya su shi ne asalin ruɗanin. Sallama addu'a ce mai lafazi sananne, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta cewa farawa da ita sunna ne, mayar da ita wajibi, sa'an nan littafin ya hana a fara ta ga Yahudawa da Nasara. Wasu magabata sun sauƙaƙa, kamar yadda Ƙurɗubi ya hakaito a tafsirinsa daga Sufyanu bin Uyaina, wanda ya kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, inda Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Amma ko da mun tsaya a kan ƙaulin Risala, hanin ya shafi lafazin sallama ne. Imamu Nawawi, a littafinsa Al-Azkar, ya kawo cewa babu laifi a gai da wanda ba Musulmi ba da wani lafazi dabam, irin fatan alherin safiya, idan buƙata ta kama. Wace buƙata ce kuwa ta wuce ta mutumin da yake kwana gida ɗaya da jama'a, yake ɗiban ruwa a famfo ɗaya da su?

Batun harshe ma ba shi da wata shubuha. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta ƙirga saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Buhari kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yaba wa wata yarinya, Ummu Halid, tufarta da kalmar harshen Habasha, ƙasar da aka haife ta, domin ya faranta mata rai.

Saura abu guda da ya fi zurfi. Masana sun tabbatar cewa asalin ciao kalma ce ta mutanen birnin Banis, wadda ma'anarta ta farko ita ce mai magana bawan wanda yake gaisarwa ne. Sai mai tsantseni ya ce, yaya bawan Allah zai kira kansa bawan wani mahaluki? Amsar tana cikin ilmin balaga, inda malamai suka kasa zance gida biyu: habari, wanda ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa, da insha'i, wanda ba ya karɓar ɗayansu, kamar addu'a da kira da fata. Gaisuwa, ko da ta zo da siffar habari, al'ada ta mayar da ita insha'i. Majinyaci yakan amsa ina kwana da lafiya lau alhali jikinsa na zafi, kuma babu alƙalin da zai kira shi maƙaryaci, saboda mai tambaya da mai amsawa duk sun san abin da suke yi tabbatar da zumunci ne, bayanin ciwo sai an zauna. Haka mutumin Italiya ba ya tuna wata bauta idan ya ce cawo, kuma ƙa'idar fiƙihu ta tabbata cewa ana hukunta lafazi ne da manufa da al'adar masu shi.

Daga nan za a gane cewa wanda ya haddace kalmomi bai gama koyon gaisuwa ba tukuna, sai ya san muhallinta da darajar wanda ake yi wa ita. Mutanen Italiya suna da lamirin girmamawa, Lei, da na sabo, tu, kamar yadda Bayarabe ke sanya "e" ga babba, mu kuma muke ce wa dattijo "ku". Wanda ya ce wa tsoho cawo ya yi kuskuren da ya fi karkacewar harshe muni, domin karkacewa ana yi mata uzuri, har a ji daɗin ƙoƙarin mai ita, rashin ladabi kuwa ba a yi masa. Iyakar da shari'a ta gindaya a bayyane take: kada lafazin ya ƙunshi shirka ko yarda da aƙidar da ta saɓa wa tauhidi, kada kuma ya zo da sujada ga mutum.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma baƙon da yake neman halalinsa a garin wasu ya fi kowa buƙatar aiki da wannan. Saboda haka ya kamata malaman zaure na Sabo da Agege, idan sun kai almajiransu babin sallama, su bayyana musu wannan bambanci, domin kada yaro ya tashi yana zaton ɗaure wa maƙwabci fuska taƙawa ce, alhali haƙƙin maƙwabtaka yana wuyansa ko maƙwabcin nan Musulmi ne ko ba Musulmi ba.